Rabi da sulusi sun ba da 2/5: wa ya koya mata wannan lissafin?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa malamai ku taya ni duba wani lamari, ni dai kaina ya ɗaure.

Akwai wata yarinya a ajina, shekararta 10, ba ta da wasa, littafinta kullum tsaf. Jiya na ba su rabi a tara da sulusi, sai ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Duk wanda ya taɓa koyar da firakshan ya san wannan kuskuren: a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Da a dā ne jan biro zan sa in wuce. Wannan karon sai na ja kujera na zauna kusa da ita, na ce ta gaya mini yadda ta yi. Ta ce, “Malama, ran Litinin kin ba mu tambaya 2 na ci 1. Ran Laraba kin ba mu 3 na ci 1. Ashe ba 2 na ci cikin 5 ba?” Wallahi sai da na yi shiru. Ba ta yi ƙarya ba, 2 ta ci cikin 5.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun farkon zango aka raba mana kwamfutocin hannu da wata manhajar lissafi a ciki, kuma manhajar ta nuna yarinyar nan ta gama babin tara firakshan da maki 90 cikin 100. A taron bitar da aka yi mana kafin rabon, mai gabatarwa ya ce yanzu zamani ne na yaro ya gina iliminsa da kansa, malami ya ja gefe ya zuba ido. To na ja gefe. Ga ginin da aka yi mini.

Shin ra'ayin nan na gina ilimi haka yake nufi, ko mu ne ba mu gane ba?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Tun kafin ki ƙarasa na san inda za ki sauka. Shekara 33 alli na cin hannuna, na ga irin wannan yayi ya zo ya wuce ya fi sau uku, kowane zuwa da sabon suna. Magana ɗaya ce: abin da yaro bai sani ba, a gaya masa. Ki hau allo ki ce ba a tara firakshan sai na ƙasa sun zama iri ɗaya. Rabi sudusi 3 ne, sulusi sudusi 2 ne, a haɗa a sami 5/6. Ki yi misali biyar, su yi ashirin. Shi ke nan.

Masu cewa yaro ya gano da kansa, sun san tsawon lokacin da 'yan Adam suka ɗauka kafin su kai ga rubuta firakshan yadda muke rubutawa? Misirawan dā da suka gina dala, 2/5 ɗin nan ba haka suke rubuta shi ba, sai su ce 1/3 da 1/15, domin in ban da 2/3 ba su cika barin na sama ya wuce 1 ba. Abin da ya ci wa manya ƙarnoni shi ne 'yar shekara 10 za ta tono cikin minti 40 tana shafa gilashi?

Ɗalibar Koyon Malanta:
Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in sa baki a maganar manya. Darasin nan muka yi a zangon da ya wuce, kuma abin da mai bitar ya faɗa wa Anti ba shi muka karanta ba.

Jean Piaget, wanda ake furta sunansa Fiyaje, masanin tunanin yara ne ɗan Siwizalan, ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ba hanyar koyarwa ya fita nema ba. Tambayarsa ita ce yaya sani yake samuwa a kan mutum. Yana saurayi ya yi aikin gwajin basirar yara a Faris, sai ya ga amsoshin da ba daidai ba sun fi jan hankalinsa, don yara 'yan shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Sanannen gwajinsa shi ne na ruwa: ka cika kofi biyu daidai, yaro ɗan shekara 5 ya yarda daidai suke. A gaban idonsa ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri, sai ya ce na dogon ya fi yawa. Ba wanda ya koya masa haka. Shi ya ƙera dokarsa: abin da ya fi tsawo ya fi yawa.

Abin da ra'ayin ke cewa ke nan. Kan yaro ba fanko ba ne da ake ɗurawa. Duk sabon abu da ya ji, ko dai ya cusa shi cikin tsarin da yake da shi tun dā, ko kuma tsarin ya gaza ɗaukarsa har ya zama dole ya gyara tsarin. Kuma haka yake yi ko Baba ne a gaban allo, ko kwamfuta ce a hannunsa. Saboda haka yarinyar Anti ba ta rushe ra'ayin ba, ita ce ma shaidarsa. Ta yi gini, harsashin ne na lissafin makin jarrabawa.

Tsohon Hedimasta:
Madalla da 'yar makaranta. To in ko ina magana ko na yi shiru yaro gini yake yi, ai gara in yi maganar, ko ba komai ya sami bulo mai kyau.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Gaskiya ne Baba. Sai dai Anti ta riga ta faɗa musu dokar, na tabbata. Ko ba haka ba Anti?

Malamar Aji Biyar:
Na faɗa ƙanwata, sau biyu ma, kafin in sake su da manhajar. Tana cikin littafinta da rubutun hannunta, har ta ja layi a ƙarƙashi.

Malamin Fiziks:
To nan gizo ke saƙar. Malama, labarinki ya tuna mini da wani yaro da ake kira Benny a rubuce-rubucen koyar da lissafi. Wani mai bincike, Erlwanger, ya wallafa labarinsa a 1973. Ɗan aji shida ne a Amurka, makarantarsu na bin wani tsari da kowane yaro ke cike takardun aiki shi kaɗai, a duba amsarsa da jerin amsoshi, in ya ci ya wuce gaba. Benny na cikin na gaba-gaba a ajin. Da aka zauna da shi sai aka tarar a wurinsa 2/10 daidai yake da 1.2, wato ya tara 2 da 10 ya sami 12 ya sa ɗigo a tsakiya. Dokoki ya ƙera wa kansa birjik, shekara da shekaru ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa ce masa “yaya ka yi?” Lura fa, ba kwamfuta a labarin nan, takarda ce zalla.

Ina roƙonki abu ɗaya. Gobe ki tsaya a bayanta tana amfani da manhajar, kada ki ce komai, ki kalli yatsanta kawai.

Malamar Aji Biyar:
Malam na yi yadda ka ce, kuma na ga abin da ya fi ƙarfina. Manhajar amsa huɗu take jerowa a zaɓi ɗaya. In ka kuskure ta yi ja ta ba ka dama ta biyu. Yarinyar nan ko alƙalami ba ta ɗauka. Ta dubi huɗun, ta tsallake wadda ta yi daidai da lissafinta, ta danna wadda lambarta ta ƙasa ta fito daga sau ɗin na ƙasan biyu. Kore. Na ce me ya sa ba ki zaɓi 2/5 ba tunda ita kika yarda da ita? Ta ce, “Ita kwamfutar ba ta son wannan, kullum ja take yi.” Na ce to wanne ne gaskiya? Ta ce, “Na kwamfuta daban, na gaske daban.”

Malamin Fiziks:
Allahu akbar. Kin san wata ɗalibar jami'ar Harvard ta taɓa yi wa malaminta na fiziks Eric Mazur kusan irin wannan maganar? Wajen 1990 Mazur ya ba ɗalibansa wani gwaji mai sauƙin gani a kan ƙarfi da motsi, ba lissafi a ciki, fahimta kawai. Sai aka tambaye shi: in amsa yadda ka koya mana, ko yadda nake ganin abin a raina? Ɗaliban da ke warware lissafi mai wuya a jarrabawa ke nan. Ɗaki biyu ne a kansu, ɗaya na malam, ɗaya nasu, ba ƙofa a tsakani.

Malamin Kwamfuta:
Ina ta karantawa ina jira a fara zagin kwamfuta, na ga an kusa. Kada a bar jaki a daki taiki. Manhajar da aka ba ku, Malama, ba ta da dangantaka da gina ilimi ko ta nesa. Jikar injin koyarwa ce na masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner na shekarun 1950: tambaya, amsa, lada, tambaya ta gaba. An dai shafa mata fenti an sa mata taurari. Wanda ya sayar muku da ita da sunan Piaget ya yi muku rufa-ido.

In ana son a ga abin da almajirin Piaget na gaske ya yi da kwamfuta, a dubi Seymour Papert. Haifaffen Afirka ta Kudu ne, ya yi shekaru yana aiki da Piaget a Jeniba kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka fito da Logo, harshen ba kwamfuta umarni don yara. Daga baya aka sa masa kunkuru mai jan layi: ka ce ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90, duk inda ya bi ya bar zane. A nan yaro ne ke koya wa kwamfuta, ba ita ke koya masa ba. Harshen Scratch da ya fito daga MIT a 2007 zuriyarsa ce, kyanwa ce dai ta maye gurbin kunkuru.

Bari in ba ku abin da nake gani duk shekara. In na ce su zana murabba'i, ba matsala: gaba, juya 90, sau huɗu. Sai in ce to alwatika mai gefe daidai. Duk wanda ya haddace cewa kusurwarta 60 ce zai rubuta juya 60, sau uku. Kyanwa ta tafi, zane ya ƙi rufewa, ya tsaya kamar buɗaɗɗen kwano. Ba ja, ba kore, ba wanda ya ce masa ka faɗi. Zanen ne kawai ya ƙi. Akwai yaron da na gani ya tashi daga kujera ya taka alwatikar da ƙafarsa a tsakiyar aji, da ya kai kwana ya juya jikinsa, ya tsaya, ya ce, “Malam, juyin ya fi 60 yawa!” Ya koma ya gwada 100, ya gwada 130, ya dawo 120. Da na tambaye shi 120 sau uku nawa ne, 90 sau huɗu nawa ne, ya ga duka 360, sai da ya buga tebur. Wannan yaron ko ya tsufa ba zai manta kusurwar waje ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, labarinka ya yi daɗi. Amsa mini biyu. Yara nawa ne a ajin, nawa suka tashi suka taka? Sannan wa ya ce masa ya kwatanta 120 sau uku da 90 sau huɗu, kyanwar ce ko kai?

Malamin Kwamfuta:
Ranka ya daɗe ka kama ni. Shi kaɗai ya taka. Tambayar kuma ni na yi.

Malamin Fiziks:
Baba bai san ya faɗi abin da mai bincike Richard Mayer ya rubuta a 2004 ba. Ya bi diddigin karo uku da aka gwada sakin yara su gano abu ba jagora, na ukun shi ne Logo ɗin nan a shekarun 1980, kuma duk ukun waɗanda aka yi wa jagora ne suka fi. A 2006 Kirschner da Sweller da Clark suka ƙara matsa lamba. Hujjarsu a kan ƙwaƙwalwa take: wurin da mutum ke riƙe sabon abu yana juya shi ƙarami ne ƙwarai, abu huɗu zuwa bakwai ya cika shi. In ka jefa sabon shiga cikin matsala ba ka nuna masa hanya ba, duk ɗan wurin nan lalube zai cinye shi, a tashi bai ajiye komai ba. Shi ya sa misalin da aka warware daki-daki ke yi wa ɗan koyo amfani. Amma su ɗin dai sun yarda cewa in ɗalibi ya ƙware, yawan bayani kan koma masa kaya.

Na raba kwamfuta kuwa, an gwada shi da girma. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, da tunanin Papert aka gina shi. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi makarantun firamare 319 na karkara, ya fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani bambanci. Rahoton 2015 na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ma ya ce ƙasashen da suka zuba dukiya a kwamfutocin makaranta ba a ga makinsu ya ɗaga a karatu da lissafi da kimiyya ba, kuma ɗaliban da suka fi kowa yawan amfani da ita a makaranta sun fi faɗuwa.

Malamin Kwamfuta:
Ban musa ko ɗaya ba. Amma duk wannan shaida ce a kan rabon akwati, ba a kan abin da na kwatanta ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Malamai ku yi haƙuri, ni ba malama ba ce, uwa ce. Duk wannan Fiyaje da kunkuru na ji, amma ni damuwata tana cikin ɗakina. 'Yan biyuna suna sakandare. Aikin gida da ke cin su awa guda yanzu minti goma sun gama, su ɗauki hoton tambaya su tura wa ChatGPT su kwafe. Da na yi magana sai Hassan ɗin ya ce ai malaminsu ne ya ce su riƙa bincike da kansu. Wannan ma gina ilimin ne? In karɓe wayar ko in bari?

Malamin Fiziks:
Hajiya, an yi gwajin da ya yi kama da ɗakinki. A wata sakandare a Turkiyya, ɗalibai kusan 1,000, darasin lissafi. Wasu aka ba su irin wannan ƙirƙirarriyar basira sake ba ƙaidi, wasu aka ba su wadda aka ɗaure ta, ba ta ba da amsa sai dai ta yi nuni, wasu kuma littafi kawai. Lokacin atisaye masu sakakkiyar sun fi masu littafi da kashi 48 cikin 100. Da aka karɓe aka yi jarrabawa sai suka koma ƙasa da masu littafi da kashi 17. Masu ɗaurarriyar ba su yi wannan faɗuwar ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ni ba zan ce ki karɓe ba. Ki sa doka: a fara yi a takarda, ko daidai ko kuskure, sannan a buɗe waya a kwatanta. In sun gama ki rufe wayar ki zaɓi tambaya ɗaya ki ce Hassan ya yi wa Usaini bayaninta da baki. Ba sai kin iya lissafin ba, in yana inda-inda za ki ji.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Abin da Malam ya ce a kan ɗaurarriyar manhajar shi ne maganar Vygotsky, wanda mai bitar Anti ya manta da shi. Ɗan Rasha ne, shekararsu ɗaya da haihuwa da Piaget, amma tarin fuka ya kashe shi a 1934 yana da shekara 37, kuma sai a shekarun 1960 da 1970 aikinsa ya yaɗu a wajen ƙasarsa. Shi cewa ya yi akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba ko an taimaka, a tsakaninsu kuma akwai wanda zai iya in an kama masa. A wannan tsakanin koyo yake. A 1976 Wood da Bruner da Ross suka kwatanta taimakon da katakon da magina ke kafawa su taka: ana kafa shi don a yi gini, ana kuma cire shi in bango ya tsaya. Ba inda aka ce malami ya naɗe hannu. Ni a ganina ma aikinsa ƙaruwa ya yi, don sai ya san abin da ke kan kowane yaro kafin ya san inda zai kama masa.

Mai Aji Tamanin:
“Kan kowane yaro.” Ƙanwata, Allah ya kai ki aji. Ni 83 ne a rajistata, minti 40 gare ni, silabos na bina da gudu, jarrabawa ba ta tambayar wa ya taka alwatika da ƙafa. In na ba kowa minti ɗaya ya gaya mini tunaninsa, firiyod biyu sun tafi ban rubuta kwanan wata a allo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamin Fiziks:
Malam, ajin Mazur ya fi naka yawa, babban zauren lacca ne. Abin da ya koma yi ba ya bukatar minti ɗaya ga kowa. Tambaya ɗaya zai jefa mai zaɓi, wadda ya san amsar kuskurenta na da farin jini. Kowa ya zaɓa shi kaɗai. In aji ya rabu, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi da suka saɓa ya shawo kansa, minti biyu ko uku, a sake zaɓe, sannan ya yi bayani. Richard Hake ya tara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 a 1998, azuzuwan da ke irin wannan cuɗanya sun ninka na lacca zalla wajen ƙaruwar fahimta, ko kusa da haka.

Ga yadda nake yi, kuma kwamfuta ɗaya tak gare ni da majigi. In zana batir da ƙwan fitila biyu a jere kan waya ɗaya, in ce wanne zai fi haske? Kowa ya ɗaga yatsu: ɗaya na farko, biyu na biyu, uku daidai suke. Kullum mafi yawa ɗaya suke ɗagawa, wai na farko ya sha wutar ya rage wa na baya saura. In bar su su yi musu har murya ta fara tashi. Sai a lokacin nake buɗe PhET, kwaikwayon gwaje-gwajen nan na kyauta da Carl Wieman ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, in haɗa wayar a gabansu. Haske daidai. Ajin kan yi tsit, sannan ya ɓarke. In ina da batir da ƙwai na gaske nakan haɗa su ma, don akwai mai cewa kwamfuta ce ta shirya abinta. Fifikon kwaikwayon ɗaya ne: yana nuna ɗigo-ɗigon cajin suna zagaya wayar da gudu ɗaya kafin ƙwan da bayansa, abin da ido ba ya gani a waya ta gaske.

Na taɓa yin kuskuren nuna musu kafin in sa su zaɓa. Suka kalla kamar talabijin, suka ce ai dama mun sani. Mako biyu bayan nan a gwaji, na farko ya fi haske.

Tsohon Hedimasta:
Wannan da ka kwatanta ai koyarwa ce, ɗana. Kai ka zaɓi tambaya, kai ka san ramin da za su faɗa, kai ka yi bayani a ƙarshe. In wannan ne ra'ayin gina ilimin, kwanstiraktibizim ko yaya kuke kiransa, to an daɗe ana yi ba a san sunansa ba. Rigimata da mai cewa a ja gefe ce.

Malamin Kwamfuta:
Saura dai bambanci ɗaya Baba: kai bayani kake farawa da shi, shi kuma da shi yake rufewa. Manu Kapur ya gwada wannan a makarantun Singafo. Ya bar yara su yi fama da matsala su kasa tukuna, sannan malami ya koyar, sai fahimtarsu ta fi ta waɗanda aka fara da bayani zurfi. Amma da sharaɗi: matsalar ta zama wadda suke da abin taɓa ta da shi, kuma bayanin ya biyo baya, ba a bar su a daji ba.

Tsohon Hedimasta:
Sharaɗin nan shi ne duka maganar. A koma kan yarinyar mutane, an bar ta da 2/5.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Anti, ki ba ta 1/2 + 1/2 ta yi da dokarta.

Malamar Aji Biyar:
Na dawo da rahoto. Na ajiye kwamfutocin a kabad yau. Na rubuta 1/2 + 1/2 a allo na ce kowa ya yi a takarda. Ita da wasu goma sha wani abu suka rubuta 2/4. Ashe ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai mai bakin faɗa. Na ce 2/4 nawa ne? Suka ce rabi. Na ce to rabi da rabi, rabi ke nan? Aka yi dariya, ban da ita. Ta ɓata rai ta ce, “Amma na jarrabawar daidai ne.” Na ce daidai ne, kuma ba zan ce ki bar shi ba.

Na raba musu dogayen yankunan takarda, duka tsawo ɗaya. Ɗaya a ninka biyu a yaga rabi, ɗaya a ninka uku a yaga sulusi, a jera su baki da baki a kan cikakkiya. Suka ga saura kaɗan su cike ta. Na ce 2/5 ya kai rabi? Suka auna, bai kai ba. Ita da kanta ta ce, “An ƙara wa rabi abu kuma ya ragu?” Ninkin uku ya ba su wuya sosai, nan minti goma suka tafi, kuma ninki shida ni na nuna musu, ba wanda ya gano shi. Da suka ga rabi ya hau gida uku, sulusi ya hau gida biyu, sai na hau allo na rubuta dokar kamar yadda Baba ya ce, misali biyar, su kuma aikin gida.

Maganar jarrabawarta ce ban gamsu da yadda na warware ba. Na ce mata a can tambayoyin ne suka ƙaru daga 2 zuwa 5, a nan kuwa takardar ba ta ƙara tsawo ba. Ta gyaɗa kai, amma irin gyaɗawar da na sani.

Ana shirin tashi wani yaro daga baya, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon zango, ya ce, “Malama, to me ya sa a lissafin sau ake yin na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ba a hana ba?” Aka buga ƙararrawa. Na ce gobe. Jama'a gobe ta kusa, kuma ni kaina haddace shi na yi.

Tsohon Hedimasta:
Ba siririyar takarda za ki ba shi ba 'yata, ba za ta nuna ba. Ki ba shi shafi guda. Ya ninka uku a tsaye, ya yi wa sulusi ɗaya zane da fensir. Sannan ki ce ya ba ki rabin wannan sulusin, ki ga ta ina zai ninka. In ya ninka a kwance ya buɗe, ya ƙirga gidajen da suka fito, ya ƙirga nasa. Ninkin farko ki nuna masa. Na biyun ki ba shi minti uku, in bai samu ba ki kama masa gefen takardar.